Tiyatar Daidaita Muƙamuƙi da Tasirinta a Kan Furuci

1.0 Gabatarwa

Darasin farko a ilimin furuci yakan fara ne da zanen kan ɗan'adam, inda ake nuna leɓɓa da haƙora da hanƙa da ganda da hanɗa da harshe, kowanne a mazauninsa. Wannan zane ya ginu ne a kan cewa haƙoran sama sun ɗan rufa a kan na ƙasa, haɓa tana tsakiyar fuska, baki kuma yana buɗuwa yana rufuwa yadda mai shi ya so. Sai dai akwai mutane da dama waɗanda zanen bai dace da su ba. Wani haɓarsa ta karkace zuwa gefe guda, wani muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, wani kuwa bakin ya ɗafe, ko cokali ba ya shiga. Irin waɗannan mutane suna shan wahalar tauna da numfashi da magana, ga kuma tsangwamar jama'a, wadda takan hana yaro zuwa makaranta, ta hana babba shiga taro.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikin tiyatar da likitoci ke yi domin gyara irin wannan naƙasa, da kuma nuna inda aikin ya shafi masu nazarin harshe. Sunan da likitoci ke kiran aikin da shi ya samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu, wato orthos, mai ma'anar miƙaƙƙe ko daidai, da gnathos, mai ma'anar muƙamuƙi. Saboda haka a nan za a kira shi tiyatar daidaita muƙamuƙi. Za a fara da ƙirar muƙamuƙi da dalilan karkacewarsa, a bi da tarihin aikin da yadda ake gudanar da shi, sa'annan a dubi tasirinsa a kan furuci, musamman a Hausa.

2.0 Ƙirar Muƙamuƙi

Muƙamuƙi biyu ne, na sama da na ƙasa. Na sama a manne yake da ƙoƙon kai, ba ya motsi. Shi ne ke ɗauke da haƙoran sama da hanƙa da mafi yawan ganda, shi ne kuma daɓen kogon hanci. A gefen gandar na baya ne hanɗa ta maƙale. Na ƙasa kuwa ƙashi ɗaya ne lanƙwasasshe kamar baka, yana da reshe biyu da suka miƙe sama, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kan kowane reshe yana shiga wani ɗan gurbi a gindin ƙoƙon kai, dab da gaban kunne, wanda mutum zai iya jin motsinsa idan ya ɗora yatsa a wurin ya buɗe baki. Wannan gaɓa tana da muhimmanci ta fuska biyu. Ita ce ke ba baki damar buɗuwa, wanda a lafiyayyen baligi yakan kai milimita 35 zuwa 50, wato kimanin faɗin yatsu uku. Haka kuma guringuntsin da ke kan reshen yana daga cikin manyan wuraren da muƙamuƙin ƙasa ke girma ta nan a lokacin ƙuruciya. Akwai kuma wata jijiya da ta ratsa ta cikin ƙashin, ta ɓullo kusa da haɓa, ita ce ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi.

Abin lura ga mai nazarin furuci shi ne, mafurta marasa motsi, wato haƙoran sama da hanƙa da ganda, duk a kan muƙamuƙin sama suke. Mafurta masu motsi kuwa, wato leɓen ƙasa da harshe, muƙamuƙin ƙasa ne ke ɗauke da su, domin babbar tsokar harshe a cikin ƙashin haɓa ta kafu. Ke nan duk abin da ya saɓa tsakanin muƙamuƙan nan biyu, ya saɓa tsakanin mafurci da abokin haɗuwarsa.

A shekarar 1899 wani likitan haƙori Ba'amurke, Edward Angle, ya kasa yanayin haɗuwar haƙora gida uku, kuma har yau da rabonsa ake aiki. A aji na ɗaya turamen sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai. A aji na biyu na ƙasa sun ja baya, sai haƙoran gaba na sama su yi gatso. A aji na uku na ƙasa ne ke gaba, kamar yadda ake gani a hotunan sarakunan gidan Habsburg na Turai, musamman Sarki Charles na Biyu na Sifen, wanda ya rasu a 1700. Bayan waɗannan akwai buɗaɗɗen cizo, inda turame ke haɗuwa amma haƙoran gaba su bar kafa a tsakaninsu, da kuma cizon giciye, inda haƙoran ƙasa na gefe guda ke faɗawa a wajen na sama.

3.0 Dalilan Karkacewar Fuska

Babu fuskar da gefenta biyu suka yi daidai wa daida. Ana maganar naƙasa ne idan bambancin ya kai ga hana aiki ko ya fito fili ga duk mai kallo. Dalilan sun kasu uku.

3.1 Na Haihuwa

Akan haifi yaro da rabin fuska wanda bai cika ba: reshen muƙamuƙi gajere ne ko babu shi sam, kunnen gefen ƙarami ne ko nannaɗaɗɗe, tsokar kunci kuma ba ta da kauri. Ana ƙiyasta cewa hakan na faruwa sau ɗaya a cikin haihuwa 3,500 zuwa 5,600, kuma ita ce naƙasar fuska ta haihuwa mafi yawa bayan tsagewar leɓe da ganda. Su ma masu tsagaggiyar ganda, tabon ɗinkin da aka yi musu suna jarirai yakan tauye girman muƙamuƙin sama, sai tsakiyar fuska ta lotsa.

3.2 Na Girma

Wani lokaci kan reshe ɗaya yakan ci gaba da girma bayan ɗan'uwansa ya tsaya, galibi a shekarun balaga. Sai haɓa ta riƙa gusawa sannu a hankali zuwa gefen da yake lafiya, ko kuma gefen da ke girman ya sauko ƙasa. A 1986 Obwegeser da Makek suka bambance waɗannan nau'o'i biyu, wato mai tsawo da mai kauri.

3.3 Na Rauni da Cuta

Yaro yakan faɗo daga bishiya ko katanga ya bugu a haɓa. Ƙarfin bugun yakan bi ta ƙashi ya karya kan reshe a gaban kunne, alhali iyaye ciwon haɓar kaɗai suka gani. Haka kuma ruwan kunne da aka bari ba magani yakan kai ga gaɓar. A duka biyun ƙashin yana iya haɗewa da gindin ƙoƙon kai, gaɓar ta sandare, baki ya daina buɗuwa, girma kuma ya tsaya a wannan gefen. A nan haɓa tana karkata ne zuwa gefen da ya lalace, saɓanin abin da aka bayyana a 3.2. Idan gefe biyun ne suka sandare, haɓar takan shige ciki gaba ɗaya, harshe ya koma baya ya riƙa toshe numfashi a cikin barci.

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar akwai ƙarin dalili, wato cutar noma. Cuta ce da ke farawa daga dasashi ta zaizaye kunci da leɓe da ƙashi cikin 'yan kwanaki, kuma ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita duk shekara, kuma tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. Waɗanda suka rayu, tabon da ya warke yakan ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa wuri guda. An buɗe asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

Rahoton farko na yanka muƙamuƙi domin daidaita shi ya fito ne a 1849 daga Simon Hullihen na garin Wheeling a Amurka. Majinyaciyarsa budurwa ce 'yar shekara ashirin wadda ta ƙone a wuya tun tana ƙarama, tabon ƙunar ya janye gaban muƙamuƙinta ƙasa. Ya yanke wani ɓangare na ƙashin a kowane gefe, ya mayar da gaban mazauninsa. A 1897 Vilray Blair, tare da shawarar Angle, ya rage tsawon muƙamuƙin da ya zarce a garin St. Louis.

Ta fuskar muƙamuƙin sama kuwa, wani likita Bafaranshe, René Le Fort, ya buga sakamakon gwaje-gwajen da ya yi a kan kawunan gawarwaki a 1901, inda ya gano cewa ƙasusuwan fuska suna karyewa ne ta layuka uku sanannu. Na farkonsu ya ratsa a kwance, sama da saiwoyin haƙora, ta gindin hanci. Daga baya likitoci suka mayar da layin karaya ya zama layin yanka, aikin da Martin Wassmund ya fara a Jamus a shekarun 1920. Amma an daɗe ana ɗari-ɗari da shi, saboda tsoron kada ƙashin da aka raba da ƙoƙon kai ya rasa jini ya mutu. Binciken William Bell a kan birai, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1975, shi ya tabbatar da cewa jinin da ke zuwa ta ganda da dasashi ya isa ya rayar da shi.

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni a zamanance shi ne Hugo Obwegeser, mutumin Ostiriya, wanda ya rasu a 2017. A 1953, a garin Graz, ya fara tsaga reshen muƙamuƙi a tsaye ta cikin baki, ba tare da yanka fatar fuska ba, shi da maigidansa Richard Trauner suka buga bayanin a 1955 da 1957. A 1970 kuma, yana birnin Zurik, ya ba da rahoton gusar da muƙamuƙan biyu a zama ɗaya. Sai a 1992 Joseph McCarthy na New York ya nuna cewa dabarar jan ƙashi, wadda Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro a Rasha domin ƙara tsawon ƙafa, tana aiki a muƙamuƙin yara.

5.0 Yadda Ake Gudanar da Aikin

5.1 Shiri

Galibi akan jira sai girma ya tsaya, wato wajen shekara 16 zuwa 17 ga mata, 18 ko fiye ga maza, domin kada ƙashi ya ci gaba da girma ya warware gyaran. Likita yakan fara da awo. Daga cikin gwaje-gwaje mafi sauƙi akwai sa majinyaci ya ciji ɗan siririn katako a gicciye, a dubi ko ya yi daidai da layin idanu ko ya jirkice. Sa'annan a ɗauki hoton ƙashi, a yi gunkin haƙora. A yau ana gina siffar kan majinyaci a kwamfuta, a yi yankan a can tukuna, a kuma ƙera wani faifan roba mai gurbin haƙora wanda zai nuna wa likita sabon mazaunin ƙashi a ɗakin tiyata.

Kafin tiyata akan sa wa haƙora wayar jera su na kimanin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Dalili shi ne, haƙora sukan kwanta da kansu domin su rufe saɓanin da ke tsakanin ƙasusuwa. Dole a miƙar da kowanne a kan ƙashinsa, wanda hakan ke sa naƙasar ta ƙara fitowa na ɗan lokaci kafin a gyara ta.

5.2 Yankan Ƙashi

A muƙamuƙin sama ana yanka ta ƙarƙashin leɓe, a bi layin Le Fort na farko da zarto, a saki ƙashin da haƙoransa da gandarsa gaba ɗaya. Daga nan ana iya tura shi gaba, ko a ɗaga shi, ko a sauke shi. Ga mai karkatacciyar fuska akan rage ƙashi a gefen da ya yi tsawo, a cike a gefen da ya gaza, har layin haƙora ya daidaita da layin idanu.

A muƙamuƙin ƙasa ana tsaga kowane reshe biyu a tsaye, kamar yadda ake tsaga kara, ta yadda ɓallin waje zai zauna tare da gaɓa, na ciki kuma ya tafi tare da haƙora da jijiya. Ɓallayen biyu suna zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba, abin da ke sa su ɗoru da wuri. Idan aka tura gefe ɗaya gaba, aka ja ɗayan baya, sai haɓa ta juyo tsakiya. In har da saura, akan yanke ƙashin haɓar kaɗai a gusar da shi. A da akan ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya har kimanin mako shida. Yanzu ana kafe ƙashin da ƙananan farantai da kusoshi na ƙarfen taitaniyom, sai majinyaci ya iya buɗe baki tun kwanakin farko.

5.3 Jan Ƙashi da Sakin Gaɓa

Idan giɓin ya yi yawa, ko majinyacin yaro ne, akan yanka ƙashin a ɗaura masa wata 'yar na'ura mai murɗi. Bayan kwana biyar zuwa bakwai sai a fara murɗawa, ana buɗa tsakanin milimita ɗaya a kullum, sabon ƙashi yana tsirowa a cikin kafar, tsoka da fata da jijiya kuma suna miƙewa tare da shi.

Sandararriyar gaɓa kuwa ba a jiran girma kafin a sake ta. Ana sassaƙe dunƙulen ƙashin da ya haɗe, a shimfiɗa tsoka daga gefen kai a tsakani domin kada ya sake haɗewa, wani lokaci kuma a ciro ɗan haƙarƙari da guringuntsinsa a dasa a matsayin sabon reshe. Abin da ake nema shi ne baki ya buɗu milimita 35 ko fiye. Nasarar wannan aiki ta dogara ne ƙwarai a kan atisayen buɗe baki na watanni bayan tiyata, mai zafi ne, kuma idan aka yi sakaci da shi gaɓar takan koma yadda take.

5.4 Jinya da Illoli

Kumburi yakan kai matuƙa a kwana na biyu ko na uku, ya sauka cikin makonni. Majinyaci yakan zauna a kan abinci mai ruwa da mai laushi kimanin mako shida. Illar da ta fi yawa ita ce rashin jin taɓi a leɓen ƙasa da haɓa, saboda jijiyar da aka ambata a 2.0 ta sha ja. Ga mafi yawan mutane jin yakan dawo cikin watanni, amma ga wasu wani abu daga ciki yakan dawwama. Akwai kuma zubar jini, da tsagewar ƙashi ba ta inda aka nufa ba, da komawar ƙashi wani ɓangare na inda ya fito.

6.0 Tasiri a Kan Furuci

Hausawa kan ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin mamaki shi ne yadda harshe ke iya zama da saɓanin. A 1979 Lindblom da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka sa mutum ya ciji wani abu da ya hana muƙamuƙinsa motsi, nan take harshe ke rama aikin, wasula su fito kusan yadda suke. Wannan ne ya sa wasulan mai karkataccen muƙamuƙi ba su cika lalacewa ba. Haka kuma karin sauti, wanda aikin tantanin maƙwallato ne, da tsawon wasali, wanda al'amarin lokaci ne, babu ruwansu da mazaunin muƙamuƙi. Matsalar a baƙaƙe take, su ma ba duka ba.

6.1 Zuzau da 'Yan Atishawa

Sautin da ya fi shan wahala shi ne /s/ da danginsa. Wajen furta shi harshe yakan yi ɗan kwari a tsakiya, ya harba siririyar iska ta bugi haƙoran gaba, muƙamuƙin ƙasa kuma ya ɗago har haƙoran su kusa haɗuwa. Mai buɗaɗɗen cizo ko mai aji na uku ba shi da shingen da iskar za ta buga, sai harshe ya kutsa tsakanin haƙora, a sami abin da ake kira tsamin baki. Mai karkataccen muƙamuƙi kuwa iskar takan sulale ta gefe. A Hausa wannan ya shafi /s/ da /z/ da /ts/ da /sh/ da /c/ da /j/, kuma yana iya rikita ma'ana, kamar a waɗannan misalai:

saƙa da shaƙa
sara da tsara

Har ila yau, musayar /s/ da /sh/ tana da aiki a ginin kalma ta hanyar gandantawa, kamar a fasa da fashe, ko ƙasa da ƙasashe. Ke nan a Hausa tawayar ba ta tsaya ga daɗin saurare kaɗai ba.

6.2 'Yan Leɓe

Mai aji na biyu wanda leɓɓansa ba sa haɗuwa yakan furta /b/ da /ɓ/ da /m/ da leɓen ƙasa a jikin haƙoran sama. Kunnen Bahaushe bai cika kama wannan ba, domin Hausa ba ta bambanta baleɓe da ɗan leɓe-haƙori. A nan ne harsuna suka rabu. A Ingilishi da Yarabanci da Ibo ana furta /f/ ne da leɓen ƙasa da haƙoran sama, saboda haka mai aji na uku yakan juya abin, ya haɗa leɓen sama da haƙoran ƙasa. A Hausa kuwa /f/ baleɓe ne, bai bukaci haƙori ba. Naƙasa ɗaya ke nan, amma sautin da take taɓawa ya danganta da harshen mai ita.

6.3 Hanɗa

Idan aka tura muƙamuƙin sama gaba, hanɗa takan bi shi, tazarar da ke tsakaninta da bangon maƙoshi ta ƙaru. Mai lafiyayyiyar hanɗa yakan cike tazarar ba tare da matsala ba. Amma wanda aka haifa da tsagaggiyar ganda, hanɗarsa gajera ce mai tabo, tana iya kasa rufe hanyar hanci, sai magana ta koma ta hanci bayan tiyata. A Yarabanci, inda wasalin hanci ke bambanta ma'ana, kamar rì, wato nutse, da rìn, wato yi tafiya, ɓarnar a wasula za ta fara bayyana. A Hausa tsayau ne za su raunana, /b/ ta doshi /m/, /d/ ta doshi /n/. Tunzuɗau ma, wato /ƙ/ da /ts/, suna bukatar rufaffen kogo tsakanin maƙwallato da wurin furuci domin a matsa iska, kuma yoyo ta hanci yana rage matsin, ta yadda bambancin kafa da ƙafa zai iya dusashewa.

6.4 Bayan Tiyata

A makonnin farko furuci yakan ƙara lalacewa saboda kumburi da rashin jin leɓe. Bayan haka, yawancin binciken da aka yi ya nuna cewa furuci yana gyaruwa ko ya zauna yadda yake, kuma zuzau ne suka fi amfana. Sai dai gyaran ba ya zuwa da kansa ga kowa. Harshen da ya shekara ashirin yana neman hanƙa a wuri guda, an wayi gari an gusar da ita da milimita shida ko takwas, dole ya sake koyon hanya, musamman a sautuka masu bukatar saiti irin /ɗ/ da ra-gare da ra-kaɗe, waɗanda ke bambanta daidai da ɗaiɗai, da bara ta roƙo da bara na gidan sarki. Wasu sukan ci gaba da tsohuwar ɗabi'a ko da dalilinta ya gushe, sai da horon furuci. Ya kamata kuma a sani cewa wannan tiyata ba ta maganin in'ina, domin ita in'ina ba daga ƙashi take ba.

7.0 Inda Ake Bukatar Masana Harshe

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ba a iya sanin ko tiyata ta gyara furuci sai an auna shi kafin aiki da bayansa. Ma'aunan da suka fi yaɗuwa an gina su ne a kan Ingilishi, da su kuma aka yi yawancin binciken da aka ambata. Irin wannan ma'auni zai ɓata lokaci a kan sautukan tsakanin haƙora waɗanda babu su a Hausa, ya tsallake haɗiyau da tunzuɗau da ra biyu da baƙaƙe masu ɗauri. Ma'aunin da ya dace da Hausa zai ƙunshi kowane baƙi a farkon kalma da tsakiyarta, tilo da mai ɗauri, a cikin kalmomin da za a iya zanawa, domin yara da waɗanda ba su yi karatun boko ba.

Na biyu shi ne karin harshe. Yaron da aka kawo daga ƙauyen Sakkwato ko Gobir ya ce hwari ko hari a maimakon fari, ba shi da wata tawaya, karinsa ke nan. Haka wanda ya tashi a zangon Kumasi, ko wanda Hausa ba harshensa na farko ba ce, yana iya rashin bambanta /k/ da /ƙ/ tun asali. Mai awon da bai san wannan ba zai rubuta naƙasa inda babu ita, ko ya ɗora wa tiyata laifin da ba nata ba.

Na uku shi ne kalmomin da ake yi wa majinyaci bayani da su kafin ya amince a yi masa aiki. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da igiyar tsoka da kuma mai kai saƙon ji, alhali a tiyata abubuwa uku ne mabambanta. Tafintan da ya ce leɓe zai mutu ko zai shanye ya faɗi abin da likita bai nufa ba, domin jijiyar da ke cikin muƙamuƙi ta jin taɓi ce, leɓen zai ci gaba da motsi. Ita kanta kalmar noma daga Girkanci take, daga tushe mai ma'anar kiwo ko cinyewa, amma a rubuce ta yi kama da noman gona. Sunayen da wasu ke kiran cutar da su ma suna da nasu nauyi: ciwon daji ya riga ya zama sunan wata cuta dabam a kafofin watsa labarai, ciwon iska kuwa yakan nuna wa iyaye wata hanyar neman magani ba asibiti ba, alhali cutar tana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta idan aka tare ta a kwanakin farko.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana ƙirar muƙamuƙi da dalilan karkacewarsa, ta bi tarihin gyaransa daga 1849, ta kuma nuna yadda ake yanka ƙashi a gusar da shi ko a ja shi. An ga cewa aikin yana sauya mazaunin mafurta marasa motsi da na masu motsi, cewa wasula da karin sauti ba su cika taɓuwa ba, zuzau da tunzuɗau kuwa suna taɓuwa, kuma sautin da abin ya shafa ya bambanta daga harshe zuwa harshe. Abubuwa uku ne suka rage a hannun sassan nazarin harsunan Nijeriya: tsara jerin kalmomin awon furuci ga kowane harshe, tanadar bayanin kare-karen harshe ga masu awon, da daidaita kalmomin da likita da tafinta za su yi wa majinyaci bayani da su. Ana iya fara na farkon da Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulfulde, tare da haɗin gwiwar asibitocin koyarwa da ke yin wannan tiyata.